Gyaran Da Na Baro Kan Tabarma

Ko da na tsufa ba zan manta da ranar da na je Tsibiri karɓar gyaran labarina ba. Duk lokacin da ta faɗo mini a rai sai na ji kunya ta rufe ni.

Ni mai ɗinki ce a Maraɗi, amma rubutu shi ne burina. Shekara biyu na yi ina rubuta wani labari a waya, in aiki ya lafa. Labarin wata mata ce da mijinta ya rasu, ta riƙe gonarsa a Jiratawa. Ni kuwa ban taɓa taka gonakin Jiratawa ba, daga kan hanya kawai nake hango su.

Da na gama, na nemi masu karanta mini a zaurenmu na marubuta da ke waya, kafin in tura shi wata gasa. Mutum goma suka amsa. Kwana biyu sai ga yabo: "Masha Allah!" "Allah ya ƙara basira!" Kaina ya kumbura har na daina gaisuwar kirki.

Ɗaya daga cikinsu ta tura wa kawunta, wani tsohon mushen lakwal, wato malamin makaranta, da ke Tsibiri, haifaffen Jiratawa. Ya aiko a ce in zo. Na ci ado na hau kabu-kabu, na tabbata yabo zan kwaso.

Na iske shi a zaure da kaye, wato littafin rubutu, a hannu, ya cika shi da gyara da jan biro. Sau biyu ya karanta labarin, da idonsa mai ciwo.

"Ɗiyata," in ji shi, "matar ga taki tana ban ruwa ran da ta ga dama. A Jiratawa ruwa bi da bi ne, wanda ya kuskure ranarshi ya yi ta kuka. Kuma tun hwarko har ƙarshe ba ta yi kuskure ko guda ba. Mi za ya sa in tausaya mata?"

Zuciya ta ɗebe ni. "Baba, mutum goma sun karanta, ba wanda ya ce haka."

"To, Allah shi ba da sa'a. Amma tahi da kayen, akwai wuraren da kinka yi kyau, na sa masu alama."

Na karɓa da hannu biyu don ladabi. Da ya juya, na ajiye shi kan tabarma na fita. Da gangan na yi.

Labarin ko zagayen farko na gasar bai wuce ba. Cikin ɓacin rai na tare ɗaya daga cikin goman nan, na tambaye ta inda ya fi burge ta.

"Ai auren da ta sake yi a ƙarshe, Yaya!"

Matar labarin kuwa ta mutu tun babi na bakwai. Na bi sauran ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya wuce shafukan farko. Wata ta ce, "Haba Yaya, akwai kara. Ƙaƙa zan dubi idonki in ce ban karanta ba?" Ban iya yin fushi da su ba, don ni ma haka nake yi wa labaran wasu.

Sai da na yi wata huɗu ina jin nauyi kafin na koma Tsibiri. Matarsa ce ta fito. An yi sadakar arba'in ɗinsa tun makon jiya. Ta ce ya daɗe yana cigiyata, amma kayen kam ba ta san inda ya shiga ba.

Tun ranar ban sake rubuta ko layi ɗaya ba. In na ɗauki waya sai in rasa wa zan nuna wa. Abin da na koya, a makare, shi ne yabon kara ba karatu ba ne. Mutum guda ne ya girmama ni har ya faɗa mini gaskiya, kuma shi kaɗai ne ban ce wa na gode ba.