Harbin faifan laka a bakin tur'a

Jiya bayan la'asar ina tankaɗen garin dawa sai na ji tau! tau! daga wajen hawasharmu, wato gonarmu ta noman rani. Na ce shi ke nan, masu bindiga sun dawo.

Ko takalmi ban sa ba na ruga, don ɗana Haruna yana can, kuma shi kaɗai ya rage mini.

Ashe shi ne da abokanshi a bakin tur'a, magudanar ruwan da ke shayar da gonaki. Sun shanya faya-fayan laka, wani na jefawa sama, wani na harbi da tsohuwar bindigar korar tsuntsaye ta marigayi uban Haruna. Haruna ne ma malaminsu, yana gyara musu kafaɗa.

Ya ce, "Inna, gasa ce kawai. Wanda ya kuskure shi zai dafa shayi."

Na ce, "Masu makaman da ke tsare hanyar garin Sinja in sunka ji ƙara, tambayarka za su yi kafin su harba?"

Duk munka juya muna kallon hanya.

Na fizge bindigar na jefa cikin ruwa. Yau bai gaishe ni ba. Ya yi ta fushinshi, yana da rai. Ni dai har yanzu in mota ta wuce sai na leƙa in ga ko yana gida.

Iyaye mata, da ku ne, mi za ku yi?