Ranar Da Muka Yi Wa Magani Ɓad-da-Kama da Zoɓo

Ko na bar aikin kaji, ba zan manta da ranar da na shayar da kajin Alhaji Tanimu zoɓo ba. Ku sababbin ma'aikata da kuka zo kuna tambayar me ya sa aka hana taɓa magani sai da izinin likita, to ga dalilin, kuma sau ɗaya zan faɗa.

Lokacin ban daɗe da gama sakandare ba, ni ce mai kula da ruwan kaji a wannan gonar ta hanyar Ƙarfi. Dokar Alhaji ita ce kowace safiya a barbaɗa ɗan garin kolistin a ruwan, maganin ƙwayoyin cutar hanji ne, ko da kaji lafiyarsu ƙalau. Wai riga-kafi. Shi yake kiransa shayin kaji.

Ana shirin Kirsimeti, Maman Istifanus, wata mai sayar da abinci daga Gozaki, ta riga ta kama kajin nama na ɗaki guda, sai zawo ya shiga ɗakin. Na ba su kolistin cikakken awo, suka sha kamar ruwan rijiya, suka ci gaba da mutuwa. Alhaji ya tsare ni a bakin ƙofa.

“Hanne, ko dai ba kya sawa, ko kina ragewa. Idan kajin nan suka ƙare, ke ma kin ƙare a gonar nan.”

Na ce, “Alhaji, me zan yi da maganin zawon kaji? Miya?”

Aka kira Dakta Saratu, likitar dabbobi daga Funtua. Ta buɗe mushe biyu, ta ɗebi abin da za ta kai gwaji, sannan ta yi mana bayani. Ta ce maganin kamar ƙarangiya yake, sai ya manne wa rigar ƙwayar cuta kafin ya huda ta. Ita kuma ƙwayar tana da wani abu a fatarta mai aikin gadi. Da ya taɓa irin wannan maganin sai ya aika saƙo ciki, a kunna wasu umarnin halitta da ƙwayar ta gada, waɗanda dā suke a kashe, ƙwayar ta sauya riga zuwa mai santsi kamar leda, ƙarangiya ta rasa wurin kamawa. Ta ce kada a ba su komai sai sakamako ya fito, a dai wanke robobin ruwa, a sauya ɓuntun da suke kwana a kai.

Duk bayanin nan, mai gadin kaɗai Alhaji ya riƙe. Motar Dakta na fita ya kira ni, fuskarsa har walƙiya take.

“Yarinyar nan, na gano bakin zaren. Tunda mai gadi ne yake gane maganin, sai mu yi masa ɓad-da-kama. Ki dafa zoɓo mai kauri ki zuba maganin a ciki. Ya ga ja, ya ɗauka biki ake.”

Na ce, “Alhaji, ƙwayar cuta ba ta da ido.”

“Ke kin taɓa ganinta?”

“Ban taɓa ba.”

“To ki yi abin da na ce. Ki sa citta, ta ɓatar da warin.”

Aiki nake so, na dafa. Ya kuma ce a sauya bokitin da aka saba, kuma in shiga ta ƙofar baya. Na shiga ta ƙofar baya, ni da bokitin wanki, ina sanɗa don kada abin da ba shi da kunne ya ji motsina.

Washegari da safe na buɗe ɗaki na tarar da fararen kaji sun koma ja daga baki har ƙirji, kamar an fara yanka an fasa. Zawon kuwa yana nan, ya dai sauya launi. Ina tsaye sai ga Maman Istifanus ta sauka daga Keke Napep ta zo duba kayanta. Ta leƙa, ta dafe ƙirji.

“Alhaji, wa ya riga ni yanka su?”

Ya ce sabon tsari ne. Ta cafko ɗaya ta shinshina, ta dube ni.

“'Yata, har da citta? Saura ƙanƙara kawai.”

Da Dakta ta dawo da sakamakon ta ji labarin zoɓon, sai da ta zauna a kan buhun abinci ta gama dariyarta. Ta ce mai gadin ba launi yake dubawa ba, jikin maganin yake taɓawa. Sannan ta ce gwaji ya nuna kolistin ya daina aiki a kan ƙwayoyin gonar nan, kuma ba laifin mai zubawa ba ne. Ɗan barbaɗin kullum ɗin nan bai isa ya kashe su duka ba, raunanan yake kashewa, waɗanda suka iya sauya riga su tsira su hayayyafa. Ta ce irin maganin nan ne ake ajiye wa mutane a asibiti idan sauran sun gaza, shi muke shayi da shi.

Alhaji ya waiga yana neman mai laifi. “Wa ya ce a riƙa sa shi kullum?”

Na ce, “Kai.”

Ya kalli jajayen kajinsa, sannan ya ce, “Koma bakin aikinki. Amma ki rage baki.”

Dakta ta rubuta wani maganin da gwaji ya nuna zai ci su, muka ba da shi cikakke har ƙarshe, muka jira ya fita daga jikinsu kafin a sayar. Mafi yawa suka tashi. Maman Istifanus ta kwashi kajinta ana gobe Kirsimeti, ƙirjinsu da sauran ruwan hoda.

Abin da na koya shi ne, a sana'ar nan ɗan magani kaɗan ya fi rashinsa haɗari, kuma mai gona ya fi ƙwayar cuta wuyar magani. Bakin dai ban rage ba. Ku tashi ku wanke robobin nan.