Waƙar da Na Mayar Layi Ɗaya

Shekarun baya, ina sabon shiga harkar gina shafukan intanet a Kafanchan, na yi wa zumuntar matan cocinmu shafin waƙoƙi. Mahaifiyata ce shugabar mawaƙansu. Waƙoƙin na yarenmu ne, daga wani tsohon littafin rubutu da gara ta ci gefensa na kwafo su. Da na gama aka jefar da littafin, tunda ni da bakina na ce ai yanzu komai na intanet.

Sai matan ƙauye suka fara ƙorafin shafin ba ya buɗewa da wuri. Ni kuwa lokacin kaina ya yi girma, na samo wata manhaja mai matse rubutun shafi, tana cire duk wani fili da ta ga ba shi da amfani don shafin ya yi sauƙi. Na matse, na ɗora a kan na asalin, ban ajiye kwafi ba. Shafin ya koma buɗewa nan take, har na yaba wa kaina.

Saura kwana huɗu babban taronsu, mahaifiyata ta dawo daga koyon waƙa ta miƙo mini wayarta.

"Kai, me ka yi ma waƙan mu? Duka ya zama igiya ɗaya. A ina mutum zai yi numfashi?"

Na duba, ashe manhajar ta haɗe layukan, kowace waƙa ta zama doguwar jimla guda. Ba a gane inda mai bayarwa ke tsayawa, balle inda masu amshi ke shiga. Kalmomin suna nan, ko ɗaya ba ta ɓata ba, sai dai ni yaren namu gaisuwa kawai na iya da neman abinci.

Na kashe matsewar a ɓangaren waƙoƙin, wannan minti biyar ya ɗauke ni, amma layukan ba su dawo ba. Sauran aikin kuwa a tsakar gida aka yi shi. Mahaifiyata tana kankare citta tana rerawa, ni ina bin ta, duk inda ta ja numfashi in sauko layi. In na yi gaggawa sai ta ce, "A'a, ɗana, ba nan ba. Ka ji da kunne, ka bar kallon kwamfuta." Kwana uku muna yi. Ban taɓa zama na saurare ta haka ba, kuma na ji kunyar hakan.

Da muka zo kan waƙar ƙarshe sai ta ajiye wuƙar. Wata tsohuwa ce daga Madakiya ta yi waƙar, ta sa aka rubuta a littafin, ta rasu kafin ta koya wa kowa. Yadda aka jera layukan ne kaɗai ya rage da za a lalubo muryarta da shi.

Na ce bari in yanka ta inda ya yi kama da daidai.

"Kada ka sa mata numfashi da ba nata ba," in ji ta. "Bar shi haka."

An yi taro lafiya, ba wanda ya tuhume ni. Yau ba na matse komai sai na ajiye na asali, kuma ba na saurin cewa abu ba shi da amfani don kawai ban ga amfaninsa ba. Amma waƙar tsohuwar tana nan a shafin, layi ɗaya, kuma har yanzu ba wanda ya taɓa rera ta.