Ramar Maƙwabciya

Maƙwabciyata a garin Largo na Amurka, wata tsohuwar nas, wiwi take shukawa a ɗakin ƙasa saboda fargaba da ke hana ta sakat, tunda doka ta yarda. Ita ta nuna mini fitilar da ke zame wa shuka rana. Na sayo irin fitilar sak, na shuka rama.

Nata ya yi kore shar. Tawa kuwa ta fito siririya kamar tsinken tsintsiya. Ni da na tashi a gonar kakata, wai Ba'amurkiya ta fi ni hannu! Gaisuwarta ma a ciki na koma amsawa.

Ranar da gwaggona ta zo daga Springfield, maƙwabciyar ta fito da tukunyar wiwinta bayan gidanta. Ganyen wiwi da na rama kamar an tsaga kara. Gwaggo ta leƙa ta katanga.

"Ke, ga rama!" ta ce. "Je ki roƙo mana mu yi kwaɗo."

Ban yi dariya ba. Ɗazu ta wuce tawa ramar, ta tambaye ni wace ciyawa ce wannan.