Motar Banda da Kawu Ya Bari

Kawu, ranar Laraba sha huɗu ga watan Mayu, da hantsi, Allah Ya karɓi ranka a gadon asibiti bayan ciwon ƙirji da bai daɗe ba. Mu duka na Allah ne, kuma gare Shi za mu koma. Mai rubuta wannan ita ce ɗiyar ƙanwarka, wadda ka riƙe a gidanka tun da ta gama jami'a, wadda kake kira Hajiya Wataƙila don ba ta iya faɗin magana ba ta jingina mata wataƙila ba. Zan yi ƙoƙari in rubuta abin da na gani da idona kawai.

Abokan aikinka sun zo sun faɗi halinka na shekarun da ka yi kana tuƙa motar bas. Sun ce ba ka tashi daga tasha muddin ka hango tsohuwa tana ɗingishi a madubi, ko da fasinjoji za su cika ka da surutu. Ni ban ga wannan ba, amma na ga irinsa. Ranar da aka kira ni ganawar neman aiki, kai ka kai ni, ka zauna a rana kana jirana. Da na fito ina kuka ba ka tambaye ni komai ba, sai ka ce in shiga mota in ɗaura bel.

Bayan nan ne na koma zaman ɗaki, waya a hannu, ina jiran kiran da bai zo ba. Wata safiya ka turo ƙofa ka ce in fito, an ɗauke ni aiki, albashi kuwa shayi ne. A bayan gida na tarar da ƙaramar gangar ƙarfe kwance. Ka ce murhun banda za mu yi da ita, wanda ake rufe nama a ciki hayaƙi ya gasa shi a hankali. Na tambaye ka me aka taɓa zubawa a cikinta. Ka ce man girki. Ban yarda ba sai da ka kai ni shagon da ka samo ta na ji da kunnena, kana ta dariya kana gaya wa mai shagon ka zo da jami'ar bincike.

Kai ba maƙeri ba ne, kuma aikin bai ɓoye hakan ba. Murfin farko da ka yanka ya karkace, sai da mai walda na bakin layinmu ya gyara shi yana yi maka tsiya, ya ce direba ya tsaya a sitiyarinsa. Shi ya liƙa ƙafafu huɗun, da akwatin gawayi a gaba, da bututun hayaƙi a baya. Ni aka bar wa kankare tsatsa, har tafin hannuna ya yi kanta. A makonnin nan na fara mance wayata a ɗaki, kuma sai yanzu na gane ba banda ce ta dame ka ba.

Da muka shafa koren fenti mai jure zafi, ka ja da baya ka dube ta, ka ce ai wannan bas ce. Daga nan ka ɗauki ƙaramin buroshi. Ka yi mata fitilu, da layin rawaya a ciki, da tagogi, kowace taga da fasinjanta. Inna, matarka, tana kujerar gaba. Yaya, babban ɗanka, yana bayanta da ƙaton kai, sai ƙannensa, sai ni a can ƙarshe na riƙe ƙarfe hannu biyu, idanuna waje. Tagar direba ka bar ta fayau, ka ce sai ka samu madubi mai gaskiya. Ciwon ya riga ka.

Na tambayi likita ko warin fenti ne ya taɓa maka ƙirji. Ya ce a'a, zuciyarka ta daɗe da rauni. Na koma na sake tambayarsa, ya sake ba ni amsar nan cikin haƙuri.

Bayan masu ta'aziyya sun ragu, na je bayan gida na taɓa murhun. Farcena ya bar sawu a jikin koren. A jikin gwangwanin koren fentin an rubuta cewa irin wannan fenti ba ya kamawa sai an kunna wuta a cikin murhun babu nama, zafi kaɗan da farko, a bari ya huce, sannan a ƙara, kuma zai ɗan yi hayaƙi. In ba a yi ba, laima za ta shiga ƙarƙashinsa ya saluɓe. Ga hadari ya fara haɗuwa da yamma, kuma kusa da ƙafar baya fentin ya soma ɗagawa.

Amma ga abin da ya hana ni sukuni. Farin da rawayan da ka zana fuskokinmu da su, a murafen kwalba ka zuzzuba su, ban taɓa ganin gwangwanayensu ba. Na duba ɗakin ajiya da kwandon shara, na tambayi mai walda, ya ce shi ƙarfe ya sani. Idan masu jure zafi ne, wuta za ta kama su. Idan fentin ƙofa ne, za su kumbura su ƙone. In na bari, ruwa ya cinye zanen duka. In na kunna, wataƙila ni da hannuna in goge aikinka na ƙarshe.

Yaya ya ce a lulluɓe shi da leda a huta. Na ce leda tana tara gumi, ita za ta fi saurin ɓata shi. Inna kuwa ta ce kada wanda ya taɓa, a bar shi yadda ka bari. Na kama hannunta na kai ta ta ga inda ya ɗaga, na faɗa mata komai, har da abin da ban sani ba. Ta daɗe tana kallon tagar gaba.

"Kina da tabbas fuskokin za su tsira?"

"Ba ni da shi, Inna."

"To shi ma bai taɓa fita da mota da tabbas ba. Kawunki ya ce ajiya ke kashe mota. Ki tayar masa da ita, amma a hankali."

Washegari da safe na zuba gawayi ɗan kaɗan, abin da bai wuce tafi biyu ba. Ashana ta mutu mini sau da yawa kafin ya kama. Na rufe murfi, na tsuguna ina duban ma'aunin zafin da ke jikinsa. Da fentin ya fara fitar da siririn hayaƙi mai wari, na miƙe zan watsa ruwa. Yaya ya riƙe bokitin, ya ce ba ke kika ce haka zai yi ba? Haka muka wuni, mu kunna, mu bari ya huce, mu ƙara, Inna na zaune a kan tabarma tana jan carbinta.

Ga abin da ya faru, Kawu, ba ragi ba ƙari. Koren ya kama, farce ba ya shigarsa. Layin rawayan ya koma ruwan ƙasa. Fuskokin baya suna nan, sun ɗan yi duhu. Fitilu biyun sun ƙone. Fuskar Inna, da take dab da akwatin gawayi, ta kumbura ta fashe a kumatu ɗaya, rabin ɗankwalinta ya tafi.

Na kasa ɗaga kai. Na fara ba ta haƙuri, ta matso ta sunkuya ta duba da kyau, ta shafa wurin da yatsa.

"Ku gan shi," in ji ta. "Ko a zane sai da ya zaunar da ni kusa da inji."

Sai ta yi dariya, ta farko tun rasuwarka, dariyar ta zarce da kuka, muka taya ta. Yaya ya ce zai nemo mai zane ya gyara. Ta ce babu mai sa wa motar mijinta buroshi, haka take son ta.

Ya Allah, bawanKa ya zo gare Ka, Ka yi masa rahama, Ka yafe masa kurakuransa, Ka yalwata masa kabarinsa Ka haskaka shi. Yadda ya riƙa jiran masu rauni a hanya, Ka sa ya tarar da sakamakonsa ninki-ninki. Inna, Allah Ya ba ki haƙuri da lafiya. Yaya da ƙannensa, da mahaifiyata da ta rasa yayanta, da abokan aikinsa da maƙwabta, Allah Ya ba mu dangana, Ya sa mu cika da imani idan tamu ta zo. Amin.