Ranar da Aka Kama Ni Ina Satar Ruwa a Misfala

Ko zan manta komai na zamana a Makka, ban da ranar da aka kama ni ina satar ruwa. E, ruwa. Wanda bai zauna garin a wancan zamani ba sai ya yi dariya.

Ba a daɗe da ba Nijeriya mulkin kai ba. Muna gama aikin hajji maigidana ya kwanta, Allah ya yi masa rasuwa, ya bar ni da yara biyu, ba igama, wato takardar izinin zama, ba dangi. Na kama wankau. To amma ruwa saye ake yi wurin sagga, wato 'yan ga-ruwan can, in na saya na yi wanki, abin da ya rage ko burodi ba ya isa.

Bayan ɗakinmu a unguwar Misfala akwai injin niƙa na wani tsoho Bakatsine. Duk bayan kwana uku sai su zubar da ruwan da ke sanyaya injin, ya biyo wata 'yar magudana ya nutse a rairayi. Ni kuwa 'yar masu lambu ce, ruwa ya tafi a banza ina kallo? Sai na fasa gefen magudanar, na tona rami na sa daro, in ya cika in toshe da laka in shafe.

Ran nan da hantsi ina durƙushe sai ga ɗan tsohon, magidanci haifaffen Makka, yana zazzaga masifa da Larabci. Kalma biyu na tsinta: haramiyya, wato ɓarauniya, da shurɗa. 'Yan sanda ke nan. In suka zo kora ce daga ƙasar, kuma ban san wa zai riƙe mini yara ba.

Tsoho ya fito, gari har a gira. Bai ko dube ni ba, ya tsuguna yana shafa lakar.

"'Yata, wa ya koya miki toshe ruwa haka?"

"Mahaifina, Baba. Lambu gare mu."

Ya juya wajen ɗansa. "Kai, me ake ce wa wannan magudanar?"

"Sagiya mana, ya Baba."

"Ka san sunan, ba ka san ma'anar ba. Mai shayarwa ke nan, tushensu ɗaya da sagga. A Sudan har keken da ke ɗebo ruwan kogi haka ake kiransa. Shekara bakwai na yi ina kora masa shanu kafin in iso nan, ban taɓa ganin sagiyar da aka yi don ta shayar da rairayi ba. Yalla, kawo siminti."

Ɗan nasa yana ƙunƙuni yana komai, shi da hannunsa ya gina mini bakin tara ruwa. Daga ranar kuma kullum sai ruwa ya zo, da ɗuminsa. Da shi na ciyar da yarana har suka girma.

Sai bayan tsohon ya rasu, na je gaisuwa, ɗan nasa ya ce, "Hajiya, kin san injin nan bai taɓa bukatar sabon ruwa kullum ba? Baba ne yake sa sagga ya ƙaro, ya ce kada a gaya miki."

Na yi kuka har aka riƙe ni. A wurinsa na koyi cewa alheri mafi girma shi ne wanda ba ya sa mai karɓa sunkuyar da kai. Shekara da shekaru ina tsammanin ruwan banza nake tara, ashe sadaka nake sha. Allah ya shayar da Baba ruwan Alkausara.