Faransancin Kaka Hajo

A shekarar da ma'aikatan dam suka fara shafa jan fenti a jikin itatuwan gungunmu, wato tsibirinmu na tsakiyar kogi, Kaka Hajo ta mayar da tatsuniya makaranta. Ita ce ta haifi Babana. Bayan sallar isha'i mukan kewaye ta a bakin banda, kifi yana shan hayaƙi, mu ma muna sha, idanu na ta ruwa amma ba mai tashi.

Kowa ya san ruwa zai ci gungun, kuma an ce tudu za a kai mu, nesa da kogi. Kaka ta ce ita kam ba a yi tudun da za ta zauna ba. Marigayi mijinta ya yi aikin jirgin Faransawa a Gaya ta ƙasar Nijar, ƙanensa ma yana can. Ƙanen ya aiko cewa idan yaro ɗaya cikinmu ya samu shiga makarantar Faransanci ta garin, za a bar iyayensa su zauna, shi kuma ya ba mu wurin ɗaure jirgi. Ni aka zaɓa, don na fi kowa surutu. Faransancin kuwa, ɗan abin da ta tsinta a bakin mijinta ne.

"Ga ta nan tahe cikin jirgi," haka take farawa.

"Ta iso mu ɗaure ta!" in ji mu.

Wai wani ɗan tsako ne ruwa ya kewaye jujin da suke kiwo shi da uwarsa. Agwagi suna wucewa, amma ba sa goya wanda bai iya maganarsu ba. Sai ya dage ya koya, ya tsaya a gaɓa yana nuna musu kayansa ɗaya bayan ɗaya. A nan Kaka take dakatawa ta dungure mini kai.

"Mon, in abin namiji na. Ma, in mace ta. Mes, in suna da yawa. To maigida, tsakon ga mi zai ce da jirginai?"

"Ma pirogue."

"Tarunai hwa?"

"Mon filet."

"Kai, wanga miji nawa! Ta hanci za ka hitar da shi, awa mai mura."

Sai ta matse mini hanci da yatsunta masu ƙarnin kifi har mon ya fito. Idan aka zo harafin da ake kartowa daga maƙogwaro, ruwa take ba mu mu ɗaga kai mu yi ta gwarara, ƙannena suna ƙwarewa, suna nuna ni suna ihun "ton filet, ta pirogue", wato tarunka, jirginka. Daga ƙarshe agwagi suka goya tsako da uwarsa har tsallake. "Ta koma ruwa, ku ku koma tabarma," in ji Kaka.

Ni kuwa, wayyo, na ɗauki abin da gaske. Ba kunne kaɗai na sa ba, har da ido. Duk yadda ta yi da bakinta, haka nake yi da nawa.

Baba ya tuƙa ni har Gaya. Malamin makarantar ya ce in faɗi abin da na iya. Na gyara tsayuwa, na shanye leɓuna ciki, na tsuke kumatu, na fara. Aji ya kece da dariya. Malam ya sa na maimaita, kafaɗunsa na rawa. Sannan ya dubi Baba ya ce da Hausa, "Wa ya koya masa? Ai yaron nan magana yake kamar ba shi da haƙori ko ɗaya." Kaka ce ba ta da ko ɗaya. Mu kuma mun ɗauka haka ake Faransanci. Ba a karɓe ni ba.

Kafin mu dawo har an kwashe mutanenmu zuwa tudu. Muka iske Kaka zaune a ƙofar ɗakin siminti, ba ta ko kwance ƙunshin kayanta ba.

"Maigida, mi sunka ce?"

Baba, da gajiya da haushi, ya ce, "Inna, sun ce bakin tsohuwa gare shi."

Ta ɗaga hannu ta rufe bakinta. Tun daga ranar ba ta ƙara yi mana tatsuniya ba, ko magana za ta yi sai ta ja gefen zane ta kare. A ɗakin nan ta rasu, ba ta sake ganin kogi ba.

Na daɗe ina tunanin tsakon nan. Da ina yaro na ɗauka darasin shi ne mutum ya dage, za a goya shi. Sai da na girma na lura tatsuniyar ba ta taɓa faɗin wanda ya koya masa ba, ko yadda aka yi da shi bayan nan. Kaka ta ba ni iyakar abin da take da shi, kuma shi ne ya kai mu tudu. Har yau abin yana ci mini rai.

Daga baya na iya Faransanci sosai a fataucin kifi. Kwanan baya jikata ta zo, an ba su darasin mon da ma a makaranta a Yelwa, ta ce, "Kaka, faɗa mini in ji." Na kai harshe na lalubi dasashina, babu haƙori ko ɗaya. Na ce ta je wurin malaminta.